Ni Nake Share Sawun Kura

Kafin a san ni da ɓarna, da ido aka san ni. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Jajaye da Fulatan, in ka tambaye shi wa ya fi kowa iya bin sawu, mahaifina zai fara ambata, sannan ni. In yabon kai ne ma a bar ni in yi, domin abin da ke tafe a labarin nan ba na yabo ba ne. Sunana kuwa ba zan faɗa ba. Waɗanda suka san ni sun san ni, ku kuma samari da nake rubuta wannan dominku, labarin ne zai amfane ku.

Mahaifina maharbi ne, Na-Dawa ake ce masa. Da damina yana noman gero da gyaɗa, da rani ya rataya baka ya shiga daji. Tun ban fi shekara bakwai ba yake tsugunar da ni a bakin rafi, ya nuna min rairayi ya ce, "Karanta." A wurinsa na koyi cewa ƙafar kura ta gaba ta fi ta baya girma, kashinta kuma fari ne kamar alli saboda ƙashin da take ci. Dila a layi ɗaya yake tafiya kamar wanda aka aika, kare kuwa sawunsa a warwatse yake, don shi ba shi da aikin yi. In na yi kuskure ba ya duka. Kallona kawai yake yi ya ce, "Idon nan naka na ado ne?" Wallahi na fi jin zafin wannan a kan bulala.

Baba ba ya harbin abin da ba a ci. Kura, dila, ungulu, mujiya, duk yakan ce ma'aikata ne, kowa da aikin da Allah ya ɗora masa. Akwai kuma abin da ya yi ta nanata min har na gaji da ji: ba a ɗana komai a mashaya. "Ko tarko, ko kibiya, ko mene ne," in ji shi. "Ruwa na kowa ne. Wanda ya zo sha baƙonka ne."

Babban amininsa shi ne Arɗo Buba, shugaban wata rugar Fulani da ke hayin rafinmu. Baffa nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai ɗan Na-Dawa. A rugarsa akwai wata al'ada da suka gada. In saniya ta mutu ba a samu yankawa ba, ba a binne mushen, ba a ƙona shi. Ja ake yi a kai shi wani fako nesa da gidaje, gindin wata tsohuwar kuka, a bar shi. Kafin masu jan su juya baya ungulaye sun fara sauka. Abin da suka rage kura da dila su ƙarasa. Kwana biyu in ka je, ƙaho kawai za ka tarar. Baffa yakan ce da su masu shara, kuma bai yarda yaro ya jefe su ba. Kura takan ɗauke masa akuya jefi-jefi, ya yi ta faɗa, amma in ya huce sai ya ce ladan aikinta ta ɗauka.

Haka na tashi, har Baba ya rasu, na yi aure, na gaji gona da baka. Ba yunwa ce ta kai ni ba, kada wani ya nema min uzuri. Rumbuna da hatsi. Ganin sa'o'ina a kan babura ne ya hana ni sakat.

Wata ranar kasuwa a Ƙaraye na tsaya a rumfar wani mai sayar da kayan maganin gargajiya, Alhaji Tanko. Mutum ne mai daɗin baki, ga ƙamshin turare. Da ya ji ko ni ɗan waye, sai ya matsa min a tabarma ya ce, "Ɗan babban gida! Kai da daji yake hannunka, ba za ka samo min kan ungulu ko ɗaya ba? Ko matacciya ka tsinta." Na ce a raina, matacciya ai ba ni na kashe ba. Bayan sati biyu na tsinci ɗaya, na kai masa. Abin da ya damƙa min ya fi abin da nake samu a buhun gyaɗa. A hanyar gida ina ta taɓa aljihu kamar mai ciwon haƙarƙari.

Zuwana na uku ya miƙo min wani ɗan ƙulli na garin maganin ƙwari, irin wanda ake zuba wa gona. Ya rage murya ya ce, "Me zai sa ka jira su mutu? A mushe ake barbaɗawa." Na karɓa. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, amma na karɓa.

Mushe kuwa na san inda ake samunsa. Na je ruga na durƙusa na gaida Baffa, na ce, "Baffa, yara suna wahala da jan mushe. Daga yau in an yi, a aiko min, ni zan riƙa kaiwa gindin kuka." Tsohon nan ya yi murna har ya dafa kaina. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ɗan Na-Dawa, ka gaji ubanka." Ya sa aka dama min fura da nono. Na shanye tas, ban ko ƙware ba.

Ba zan manta na farko ba. Da hantsi ne. Na tsattsaga mushen, na barbaɗa garin, na koma nesa na zauna. Ungulaye suka sauko kamar yadda suka saba tun zamanin kakanni, ba su da dalilin tsoron gindin kukar nan. Ba a jima ba suka fara tangaɗi, fukafukai a ƙasa. Na bi su da wuƙa da buhu. Washegari na tarar da diloli biyu, na kuma bi wani sawu da ya yi ta karkacewa har cikin sabara, inda na samu kura a kwance da kumfa a baki. Na tuna Baba. Amma da na kai wa Alhaji Tanko kitse da wutsiya da fatar goshi, ya miƙe tsaye ya rungume ni, sai tunawar ta bi iska.

Shekara shida na yi ina wannan aiki. Na sayi babur, na sayi waya mai shafawa, na fara sa shadda ranar da ba Juma'a ba. Daga rugar Baffa na faɗaɗa zuwa wasu rugage har wajen Unguwar Hajji, ko'ina ana shi min albarka, ana cewa ga yaro mai taimako. Ƙwarewar da Baba ya ba ni ita na juya. Na san inda kowace dabba take kwana, na san hanyar da take bi, babu wadda ta tsere min.

Sannu a hankali gari ya fara canzawa. Aka daina ganin ungulu a mahauta. Mushen da a da yake ƙarewa a kwana biyu ya koma sati yana wari, iska na kawo shi har cikin ruga. Karnukan da ba su da iyayen gida suka samu wuri, suka yi garke, suka fara bin maruƙa da rana tsaka, har ɗaya ya ciji wata mata a hanyar rijiya sai da aka kai ta asibiti. Gonakin gyaɗa kuwa kurege da gafiya suka mayar da su nasu, tunda dilan da ke rage su ya ƙare. Har gonata ba su bari ba. In an zauna a majalisa ana jajanta abin, da ni ake yi. Ni ne ma mai girgiza kai in ce, "Ƙarshen zamani ne kawai." Ƙarshen zamanin kuwa yana cikin buhu a bayan rumbuna.

Kura ɗaya ce ta gagare ni. Mace ce, tana zaune a wani kogon dutse bayan rafi. Ƙafarta ta hagu ta gaba yatsu uku gare ta, da alama wani tsohon tarko ya cinye ɗaya, shi ya sa nake ce mata Mai-uku. Sau nawa ina ganin sawunta ya zo har kusa da mushena, ya zagaya, ya juya. Ta san warin garin. Ina jin haushinta, ina kuma jin wani abu mai kama da girmamawa, ko da yake a lokacin ba zan yarda in faɗa ba.

Sai Alhaji Tanko ya matsa. Wai wani babban mutum yana neman zuciyar kura, kuma ba ya son jira. Ya ce, "Ko dai hannun ya mutu ne? In ba za ka iya ba akwai yara." Wannan maganar ce ta kashe ni. Lokacin ƙarshen bazara ne, rafi ya ƙafe, saura tafki ɗaya da kowa ke sha, mutum da dabba. Na ce ko ta ƙi ci, ai ba za ta ƙi sha ba, kuma yunwar bazara za ta sa ta saki jiki. Na ɗauko mushen tunkiya a babur, na cika shi da gari ninkin abin da na saba, na ajiye shi a gangaren mashaya. Muryar Baba tana kunnena, na yi kamar ban ji ba.

Da la'asar hadari ya haɗo, ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ina zaune a zaure ina kallonsa, na san inda yake gangarawa. Bayan ya ɗauke na garzaya na janye mushen, amma garin ya riga ya bi ruwa. Da na je ruga a lokacin na faɗa, da an tsare shanu. Kunya ta hana ni. Na koma gida ina ce wa kaina ruwan da yawa, garin zai salance.

Da safe shanun Baffa suka sha. Tara suka mutu, har da wata farar saniya da zuriyarta ta zo masa daga kakansa.

Da azahar sai ga Baffa a ƙofar gidana, shi kaɗai, da sandarsa a kafaɗa. Muka gaisa yadda aka saba, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Ɗan Na-Dawa, idona ya tsufa. Zo ka karanta min wani sawu."

Na bi shi har mashaya. Shanun suna kwance, ciki a kumbure, mata na kuka daga nesa. Ya kai ni gangaren, inda laka ta riƙe komai: tayar babur, jan mushe, da takalmin roba mai tsaga a dunduniyar dama. Takalmin yana ƙafata. Na tsuguna kamar yadda na saba, na daɗe ina kallon ƙasa. Zan iya cewa baƙo ne, kuma na san zai karɓa, don bai taɓa musa min karatun sawu ba.

Ya ce, "Na wane ne?"

Na ce, "Nawa ne, Baffa."

Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Na sani. So nake in ji ko da sauran ubanka a jikinka." Ya juya ya tafi.

Samarin ruga sun so su taɓa ni, shi ya hana. 'Yan sanda suka zo tare da malamin daji, aka buɗe bayan rumbuna, aka fito da buhuna a gaban matata da maƙwabta. A kotu na ambaci Alhaji Tanko. Da aka kawo shi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban taɓa ganin mutumin nan ba." Alƙali ya yanke min shekara uku.

Gidan yari ba wurin da zan yi muku dogon bayani ba ne, Allah ya sa kada ku san shi. Abin da ya fi damuna ba gabza ba ce, ba kuɗin cizo ba. Siminti ne. Mutumin da ya tashi yana karanta ƙasa, aka ajiye shi inda ƙasa ba ta cewa komai. In an fito da mu tsakar gida sai in ɗaga kai in duba sama, ko zan ga ungulu ɗaya tana shawagi. Ban taɓa gani ba.

A wata na huɗu matata ta zo ziyara. Na tambaye ta yadda suke ci. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk sati ana aiko mana da nono daga ruga. Baffa ya ce yaran ba su suka zuba gari ba." Ban yi kuka a kotu ba, amma ranar na yi, a gaban gandurobobi da kowa. Daga ranar na fara tuba ta gaskiya, ba irin ta wanda aka kama ba.

Da aka sake ni, ban kwana biyu a gida ba na haye ruga. Na zube a gaban Baffa na nemi gafara. Ya ce, "Shanuna na yafe tun kana can. Amma masu shara fa? Wannan ba ni zan yafe ba." Ya nuna min fako da sanda. Ko daga nan ana jin wari.

Na gangara rafi, ba don ina sa ran komai ba, ƙafa ce kawai ta kai ni. A kan rairayi, kusa da ruwa, sai ga shi: ƙafar hagu, yatsu uku. Mai-uku tana raye. Kuma ba ita kaɗai ba, akwai sawun wani namiji da ban sani ba, wanda ya zo daga wani dajin. Na zauna a wurin ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Duk gwanintata, duk garin Alhaji Tanko, tsohuwar nan ta fi mu.

Murnar ba ta daɗe ba. Ranar kasuwa a Ƙaraye na ji an dafa ni, na juya, sai ƙamshin turaren nan. "Barka da arziki!" in ji Alhaji Tanko. "An ce da saura ɗaya a wajenku. Har yanzu ana nema, kuma farashi ya tashi."

Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Alhaji, ai kai ba ka taɓa ganina ba."

Ya yi yaƙe ya ce akwai yara. Kuma da gaske akwai su. Cikin satin aka fara ganin wasu baƙi biyu a babur suna zagaya rafi. Ba su iya sawu ba, amma rairayin mashaya ko makaho ya shafa zai gane, kuma daga can hanyar take miƙewa har bakin kogo. In suka same ta, shi ke nan, an rufe littafin kura a yankinmu.

Na je na faɗa wa Baffa, na kuma je na faɗa wa malamin dajin da ya kama ni. Shi ya ce ƙafa biyu gare shi, daji kuma da faɗi, amma zai sa ido a kasuwa. Ni da Baffa muka yanke tamu shawarar. Kullum in na idar da sallar asuba, sai in yanki reshen sabara in gangara rafi, in bi sawun Mai-uku tun daga bakin ruwa har gindin dutse ina sharewa. Ina gamawa Baffa ya sa a koro shanu ta wannan hanyar, su tattake abin da ya rage. In baƙin nan suka iso da hantsi, kofato kawai suke tararwa. Wata biyu suna zarya, ran nan suka tare ni suka ce, "Malam, an ce kai ne gwani, ina kurar take?" Na ce, "Gwani ne ni, shi ya sa ba za ku gan ta ba." Daga baya malamin daji ya kama ɗaya da ƙullin gari, ɗayan bai sake dawowa ba.

Kada ku ɗauka kowa ya yaba min. Bara Mai-uku ta ɗauke akuyar wani maƙwabcina, ya zo ƙofar gidana yana kumfar baki, wai da na kashe kuraye an ɗaure ni, yanzu kuma na koma kiwonsu. Gaskiyarsa ce, akuyarsa ce. Na kwance tawa na ba shi, na kuma kwana biyu ina saran ƙaya na yi masa shinge mai tsayi. Har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau, amma ba a sake taɓa masa akuya ba. Mushe kuma ya koma gindin kuka. Ni nake kai shi, ni nake zama a kansa har a gama, don kada wani ya yi abin da na yi. Karnuka sun ja baya tun da suka ji warin kura. A watan jiya ungulu huɗu suka sauka. Huɗu kacal, inda a da suke rufe rana, amma na tsaya na ƙirga su sau uku.

To samari, ga abin da zan ce muku. Ba wanda zai zo ya ce ku hallaka daji. Kai ɗaya za a ce ku kawo, ko matacciya, a matsa muku a tabarma, a kira ku 'ya'yan babban gida. Ku tashi daga tabarmar nan. Mai sayen ba zai san ku ba ranar kotu. In an miƙo muku ƙullin gari, ku tuna ba ya tambayar wanda ya ci, kuma ruwa yana kai shi inda ba ku aike shi ba. Abin da iyayenku suka hana, ko ba su faɗi dalili ba, ku dakata tukuna. Ni sai da shanu tara suka mutu na gane dalilin Baba. Wanda kuma ya riga ya shiga, ya fito yau, tun bai karanta sawun kansa a gaban mutumin da ya yarda da shi ba. Ban san abin da ya fi wannan ɗaci ba.

Yau da safe na gangara rafi da reshena. Ga yatsu uku nan a inda na saba gani. A gefensu kuwa, ƙanana, suna tuntuɓe suna hawa kan juna, ga waɗansu da ban taɓa gani ba. Na tsuguna na karanta a hankali, don kada idon nan ya zama na ado. Ina nan tsugune Baffa ya iso da shanu, ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda.

Ya ce, "Ɗan Na-Dawa, me ƙasa ta ce yau?"

Na ce, "Ta ce Mai-uku ta haihu, Baffa. Biyu ne."

Ya matso ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dafa kaina, kamar wancan karon, ya ce, "Ka gaji ubanka."

Wancan karon sata na yi. Wannan kuwa nawa ne, na karɓa. Na miƙe na share sawun, shanu suka bi ta kai.